Barbara McClintock, matar da ta zana taswirar gado a jikin masara

 A filinmu na tarihin mutanen da suka bar wa duniya abin amfani, yau mun ɗauko rayuwar wata mata ƴar Amurka, Barbara McClintock, wadda ake faɗin sunanta kamar Makilintok. Ta rasu a 1992 tana da shekara 90. Kusan duk aikinta a wuri biyu ta yi shi: cikin gonar masara, da gaban madubin nan na masana mai ƙara girman ƙananan abubuwa, wanda ake ce wa mikiroskop.

Duk wanda ya taɓa ɓare goyon masara a fadama ko a lambu ya san wani lokaci akan tarar da tsaba kala-kala a goyo guda, wata fara, wata ja, wata ruwan ɗorawa. Wani lokacin ma tsaba guda ce za ka gani da ɗige-ɗige kamar jikin zabo. Mu dai mukan gasa mu ci, shi ke nan. Ita kuwa wagga mata sama da shekara 60 ta yi tana bin sawun launin nan, tana son sanin daga ina ya fito. A cikin binciken ne ta taimaka aka gane inda halayen gado suke zaune, da yadda ake zana taswirarsu.

Ɗiyar likita da aka so hana zuwa jami'a

An haife ta ranar 16 ga watan Yuni na 1902 a garin Hartford, cikin jihar Connecticut ta Amurka. Ita ce ta uku cikin ƴaƴa huɗu. Mahaifinta Thomas McClintock likita ne, amma a lokacin bai kafu ba, gidan ba shi da yalwa. Saboda haka tun tana wajen shekara uku aka kai ta riƙo wurin dangi, ta zauna can har ta isa shiga makaranta. Sunan da aka raɗa mata da farko Eleanor ne, daga baya iyayen suka mai da shi Barbara. Yarinya ce mai son zama ita kaɗai tana tunani, mai son wasannin guje-guje irin na samari, kuma mai son lissafi.

Ta gama sakandare a 1919, ta nuna tana son shiga jami'ar Cornell. Nan fa aka samu tirjiya. Mahaifiyarta tana tsoron idan ɗiya mace ta yi karatu mai zurfi ba za ta samu mijin aure ba. Kun ga ke nan wannan magana da muke ji a gidajenmu, a Amurka ma an yi ta shekara ɗari da suka wuce. Allah ya sa mahaifin ya dawo daga Faransa, inda ya yi aikin likita cikin soja lokacin yaƙin duniya na ɗaya, ya sa baki. A shekarar ta shiga sashen koyon aikin gona na jami'ar.

A 1921 ta ɗauki darasin ilimin gado. Malamin darasin, C. B. Hutchison, ya lura da ita, a 1922 ya buga mata waya ya gayyace ta ajin manyan ɗalibai. Daga nan ba ta sake barin fannin ba. Ta samu digirin farko a 1923, na biyu a 1925, ta zama dakta a ilimin tsirrai a 1927, tana da shekara 25.

Yadda ake zana taswirar abin da ido ba ya gani

Kafin mu ci gaba da labarinta, sai mun tsaya mun bayyana abin da ta tarar masana sun riga sun sani, don in ba haka ba aikinta ba zai fahimtu ba.

Makiyayi ya san ɗan akuya yakan ɗauko launin uwa ko na bunsuru. Manomi ya san iri mai kyau shi ke ba da zangarniya mai kyau. Wanda ya fara ƙidaya wannan abu da lissafi shi ne Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Brno, cikin ƙasar Cek ta yanzu. Ya yi shekaru yana aurar da wani nau'in wake na Turai, yana ƙirga ƴaƴan. A 1866 ya wallafa cewa kowane hali yana da ƙwayarsa ta gado, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ba a kula da aikinsa ba sai a 1900, bayan ya mutu.

To, a ina ƙwayoyin gadon nan suke? Jikin kowane mai rai, mutum ne ko dabba ko tsiro, an gina shi da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, kamar yadda ake gina katanga da tubali. A tsakiyar kowane ɗaki akwai wasu zaruruwa da ake kira kuromozom. Bibbiyu suke zuwa, ɗaya na uwa, ɗaya na uba. Mutum yana da tagwaye 23, masara 10, dawa 10, wake 11, gero 7. Ƙwayoyin gado suna jere a kan zaren nan kamar ƴaƴan carbi.

A jami'ar Columbia ta New York, wani masani mai suna Thomas Hunt Morgan yana kiwon wani ɗan ƙaramin ƙuda mai bin ruɓaɓɓun ƴaƴan itace, cikin kwalabe. Shi da ɗalibansa suka lura wasu halaye tare ake gadonsu, kamar launin ido da launin jiki, saboda a zare ɗaya suke. Amma jifa-jifa sukan rabu. Morgan ya yi hasashen cewa lokacin da jiki ke shirya ƙwai ko maniyyi, zaren uwa da na uba sukan kwanta gefe da gefe, su katse a wuri guda, su yi musayar guntaye. Kamar ka ajiye farin carbi kusa da baƙi, ka yanke su a wuri ɗaya, ka ƙulla kan wannan da gindin wancan.

Wanda ya mai da wannan hasashe taswira yaro ne ɗan shekara 19, ɗalibin Morgan, Alfred Sturtevant. Bari mu kwatanta dabararsa da babbar hanyarmu da ta taso daga Yamai, ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa har Damagaram. A ce ruwan damana ya yanke hanyar a wuri guda, ba mu san ina ba. Da wuya yankewar ta faɗo tsakanin Tibiri da Maraɗi, saboda suna dab da juna. Amma tsakanin Doso da Tasawa, sau da yawa nan za ta faɗo, don tazarar tana da yawa. Haka ƙwayoyin gado suke. Biyu da ke kusa a kan zare ba kasafai suke rabuwa ba, biyu da ke nesa sukan rabu akai-akai. Saboda haka in ka ƙirga sau nawa halaye biyu suka rabu cikin ƴaƴa ɗari, ka samu awon tazarar da ke tsakaninsu.

A matsayin misali, a ce hali na ɗaya da na biyu sun rabu sau 10 cikin ɗari, na biyu da na uku sau 5, na ɗaya da na uku kuwa wajen sau 15. Ko ba ka ga zaren ba ka san na biyu ne a tsakiya, kuma ya fi kusa da na uku. A 1911 Sturtevant ya kwashi alƙaluman ƙudajen nan ya tafi da su gida, ya kwana yana lissafi, gari ya waye da taswirar gado ta farko a duniya. An buga ta a 1913, da halaye shida a kan zare guda. Har yau ma'aunin wannan tazara ana ce masa santimorgan, don tunawa da Morgan: rabuwa ɗaya cikin ɗari, santimorgan ɗaya.

Sai dai akwai giɓi. Duk wannan lissafi ne a takarda. Babu wanda ya taɓa nunawa da ido cewa lalle zaruruwan suna musayar guntaye a daidai lokacin da halaye suka rabu, kuma akwai masanan da ke shakka. A nan ne Barbara ta shigo.

Zare na tara

A Cornell akwai babban malami, Rollins Emerson, da ya tara matasa masu binciken gadon masara. Cikinsu akwai Marcus Rhoades da George Beadle, wanda shi ma daga baya ya ci kyautar Nobel a 1958. Matsalarsu ita ce an san masara tana da zaruruwa goma, amma a ƙarƙashin madubi ba a iya bambanta wannan da wancan. Barbara ta gyara hanyar rina su da wani jan rini, ta kuma bar duba saiwa kamar yadda aka saba, ta koma duba ɗakunan da ke shirin zama garin fure a saman kara. Nan ta ga kowane zare da kamanninsa: tsawonsa, inda ƙugunsa ya tsuke, da wasu ƙulle-ƙulle a jikinsa. A 1929 ta wallafa siffofinsu, aka ba su lamba daga 1, mafi tsawo, zuwa 10, mafi gajarta. Cikin ƴan shekaru ita da abokan aikinta suka gano wane rukunin halaye ne ke zaune a kan wane zare.

Aikin nan ba na ofis ba ne kawai. Masara tana ɗaukar ciki ne idan garin furen da ke saman kara ya faɗo kan gashin goyo, kuma kowane silin gashi tsaba guda yake haifarwa. Shi ya sa goyo ɗaya kan iya samun ubanni da yawa, iska ta kawo gari daga gonar maƙwabci, tsaba ta fito kala-kala. Mai bincike kuwa dole ya san uban kowace tsaba. Saboda haka Barbara takan rufe fure da goyo da jakar takarda, ta ɗebo gari da hannunta ta zuba a kan gashin da ta zaɓa, ta rubuta lambar kowane kara. In shuka ta lalace, sai jiran baɗi, don sau ɗaya ake noman masara a shekara a can.

A 1929 wata ɗaliba mai suna Harriet Creighton ta zo Cornell, Barbara ta ja ta jiki. Suka samu wata masara wadda zarenta na 9 yake da alama biyu da ake gani a madubi: ƙulli a kansa, da kuma wani guntu na zare na 8 da ya manne a gindinsa. Wannan zare mai alama yana ɗauke da ƙwayar da ke ba tsaba launi, da kuma wadda ke sa cikin tsaba ya yi danƙo. Abokin tagwaicinsa ba ƙulli, ba ƙarin guntu, kuma tsabarsa marar launi ce mai gari. Suka aurar, suka jira girbi, suka ware tsabar da halayenta suka cakuɗa, wato mai launi amma mai gari, ko marar launi amma mai danƙo. Suka shuka su suka duba zaruruwansu. Abin da suka gani ya yi daidai da lissafi: inda halaye suka yi musaya, alamomin ma sun rabu, wani zaren yana da ƙulli ba guntu, wani yana da guntu ba ƙulli.

Morgan da kansa ya ziyarci Cornell a 1931, ya ji abin da suka samu, ya matsa musu su wallafa ba tare da jiran wani girbin ba. An buga aikin a watan Agusta na shekarar. Ba a daɗe ba wani Bajamushe, Curt Stern, ya fito da irin wannan sakamako a jikin ƙuda. A shekarar ce kuma Barbara ta wallafa jerin ƙwayoyi uku a kan zare na 9: ta launi, ta motsewar tsaba, da ta danƙo. Daga nan taswirar gado ta samu gindin zama, ta zama abin da ake iya nunawa da yatsa a jikin zare.

Suna ya yi nisa, wurin aiki ya gagara

Za ku zaci bayan wannan sai muƙami. Ina! A zamanin jami'o'in Amurka ba su cika ba mata kujerar farfesa a irin wannan fanni ba, Cornell ma ba ta ba ta ba. Ta shiga rayuwa da tallafin bincike na ɗan lokaci, tana tuƙa motarta tsakanin Cornell, Missouri da Kalifoniya. A 1933 ta samu tallafin zuwa Jamus, amma ta tarar ƴan Nazi sun karɓi mulki, ana korar malamai Yahudawa. Abin ya dame ta, ta dawo gida kafin wa'adinta ya cika.

A 1936 jami'ar Missouri ta ɗauke ta ƙaramar farfesa. A can ta yi bincike kan masarar da aka haska wa hasken nan na ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, wanda ke karya zaruruwan gado. Ta gano cewa karyayyen bakin zare yakan nemi wani karyayyen ya manne, sannan ya sake tsinkewa lokacin da ɗaki ke rabuwa biyu, haka dai a kai a kai. Ta fahimci ke nan lafiyayyen zare yana da wani abu a bakinsa da ke kare shi, kamar ƙullin da ake yi a bakin igiya don kada ta warware. Masu binciken ciwon daji da tsufa har yau suna aiki a kan wannan. Duk da haka ba a kiran ta taron malamai, kuma ba ta ga alamar ƙarin girma ba. A 1941 ta tattara kayanta ta bar wurin ba tare da tabbacin wani aiki ba.

A ƙarshen shekarar ta samu gurbi a Cold Spring Harbor, wata cibiyar bincike a bakin teku kusa da New York, ƙarƙashin gidauniyar Carnegie. An ba ta fili, da ɗakin aiki, da albashi, ba koyarwa. Nan ta zauna har ƙarshen rayuwarta. A 1944 aka zaɓe ta cikin majalisar manyan masana kimiyya ta Amurka, mace ta uku da ta taɓa shiga. A 1945 ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar masana gado ta ƙasar.

Ƙwayar gado mai ƙaura

A damanar 1944 ta shuka masara mai karyayyen zare na 9. Abin da ya tsiro ya ba ta mamaki: ganye da zane-zane, tsaba da ɗige-ɗige iri-iri. Ta lura zaren yana yawan karyewa a wuri guda, sai ta yi amfani da dabarar taswirar nan ta gano wurin, ta sa wa abin da ke haddasa karyewar suna Ds. Ta kuma gano Ds ba ya aiki sai in akwai wani abu na biyu, ta sa masa suna Ac.

A 1948 ta sake auna wurin Ds a wasu jikokin masarar, sai ta tarar ba ya inda ta bar shi. Ya koma wani wuri a kan zaren. Ku tuna kwatancen hanyarmu. Kamar ka san wani ƙauye tsakanin Maraɗi da Tasawa, ka dawo baɗi ka same shi kusa da Ƙonni. Wani mai binciken zai ce kuskuren lissafi ne ya wuce. Ita ta san taswirar zare na 9 sosai, don da hannunta aka zana ta, saboda haka ta sake aurarwa, ta sake ƙirgawa, shekara bayan shekara, har ta tabbatar Ds da Ac duka suna tashi daga wuri su sauka a wani.

Wannan ne ya warware mata sirrin tsaba mai jikin zabo. Idan Ds ya sauka a tsakiyar ƙwayar da ke ba da launi, sai ya toshe ta, tsaba ta fito ba launi. Yayin da tsabar ke girma, a wasu ɗakunan Ds yakan tashi ya bar wurin, sai launi ya dawo a ɗakin da duk ɗakunan da suka fito daga gare shi. In ya tashi da wuri, tabon launin ya yi faɗi. In ya makara, sai ƙananan ɗige. Wato tana iya duban tsaba guda ta karanta lokacin da abin ya faru.

Ta wallafa wannan a 1950, ta kuma gabatar da shi gaban manyan masana a taron Cold Spring Harbor na 1951. Ba a karɓe shi yadda ta zata ba. Bayanin yana da sarƙaƙiya, kaɗan ne suka iya bin sa, kuma mutane sun riga sun saba da cewa ƴaƴan carbin nan ba sa motsi. Gaskiya a faɗe ta, wasu masanan masara sun gwada sun ga ƙaurar a tasu gonar, kuma ba wanda ya daina ganin girmanta. Amma akasari sun ɗauka wani abin al'ajabi ne na masara kawai. Babban ra'ayinta kuma, cewa waɗannan abubuwa masu ƙaura su ke kunna ƙwayoyin gado su kashe su yayin girman tsiro, bai samu karɓuwa ba. Daga 1953 ta rage wallafa sakamakonta a manyan mujallu. Shukar da ƙirgar dai ba ta fasa ba, tana rubutawa tana ajiyewa.

Daga 1957 ta ƙara wani aiki. Masara asalinta daga Meziko take, kuma manoman can da na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu suna da nau'o'i masu yawa da suka gada tun kaka da kakanni. An ji tsoron sabon iri na zamani zai kore su. Barbara ta yi tafiye-tafiye zuwa yankin, ta horar da matasan masana, suka yi ta duba ƙulle-ƙullen da ke jikin zaruruwan kowane nau'i. Da alamomin nan suka bi sawun yadda masara ta yaɗu daga wannan al'umma zuwa waccan ta hanyar ƙaura da fatauci. An buga babban littafin aikin a 1981.

Labari ya zo ta rediyo

A ƙarshen shekarun 1960 da cikin 1970, masu binciken ƙwayoyin cuta na bakteriya suka ci karo da guntayen gado masu ƙaura. Har aka gano wasunsu ne ke ɗaukar ƙarfin jure magani su kai wa wata ƙwayar cutar, ɗaya daga cikin dalilan da ke sa wani maganin ya daina ci. Aka same su a jikin ƙuda, aka same su a yis, daga baya har a jikin mutum. Sai aka koma ana neman tsofaffin takardun matar nan mai masara.

Kyaututtuka suka fara zuwa. Gwamnatin Amurka ta ba ta lambar kimiyya ta ƙasa ta 1970. A 1981 ta samu manyan kyaututtuka da dama a shekara guda. A watan Oktoba na 1983 aka sanar daga ƙasar Suwidin cewa ita ce ta ci kyautar Nobel ta fannin likitanci, sama da shekara 30 bayan ganowar, tana da shekara 81. Ita ce mace ta farko da ta ci kyautar wannan fanni ita kaɗai, ba tare da an raba da kowa ba. Ba ta da tarho a gidanta, a rediyo ta ji labarin. Mu ma'aikatan rediyo wannan wuri yana mana daɗi.

Kuɗi da suna ba su sauya mata zama ba. Ta ci gaba da zuwa ɗakin aikinta cikin wando da rigar aiki, tana karɓar matasa masu tambaya. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. Ta rasu ranar 2 ga watan Satumba na 1992 a garin Huntington, kusa da cibiyar da ta yi shekara 50 a cikinta. A 2009, da aka kammala karanta dukan rubutun gadon masara, an tarar wajen kashi 85 cikin ɗari nasa irin guntayen nan ne masu ƙaura da burbushinsu. A jikin ɗan Adam kuwa sun kusa rabi.

Ina ruwanmu da wannan?

Yau ana zana taswirar gado da injuna da kwamfuta, amma tushen bai sauya ba: a aurar, a ƙirga, a ga me ke tafiya tare da me. Da irin wannan aiki aka san ƙwayar da ke kawo ciwon sikila, wanda ke wahalar da gidaje da yawa a ƙasarmu, tana kan zare na 11 na ɗan Adam, kuma sai yaro ya gaje ta daga uwa da uba duka ciwon ke bayyana. Shi ya sa likitoci ke cewa a yi awon jini kafin aure.

A fannin noma ma haka. A 2017 masana na ƙasashe da dama, ciki har da cibiyar ICRISAT wadda ke da reshe a Sadore kusa da Yamai, suka kammala karanta rubutun gadon gero. Idan an san inda ƙwayar jure wata cuta take a kan zare, da alamar da ke kusa da ita, mai gyaran iri ba sai ya jira cutar ta zo ba. Tun tsiro yana ƙarami zai gwada ganyensa ya san ko ya gaji halin. A Indiya an fitar da wani irin gero mai jure cuta ta wannan hanya tun 2005. Kuma masu wannan aiki a wurin manoma suke samo halayen, cikin irin gargajiya da iyayenmu ke zaɓa su ajiye a rumbu kowace kaka. Wanda ke riƙe da tsohon irin gidansu, ya riƙe shi da kyau ko da ya karɓi sabo.

Sai maganar ɗiya mace. A 1919 saura ƙiris Barbara ta zauna gida, kalmar uba guda ce ta buɗe mata ƙofa. Muna da ƴan mata a Maraɗi, Tawa da Damagaram da ke cin jarrabawa da maki mai kyau, sannan karatun ya tsaya a nan. Muna roƙon iyaye, da ƴan uwa na waje masu aiko da kuɗin makaranta, su yi tunani a kan wannan.

In kaka ta yi kuka ɓare goyon masara kuka ga tsaba mai ɗige-ɗige, ku nuna wa yara ku ba su labarin. Wanda ke da sunan wani mutum da yake son mu kawo tarihinsa, ya aiko mana ta hannun wakilanmu na ƙauyuka ko ta shafin nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya ba mu damana mai albarka.